Karen da aka ceto amma yana tsoron kowa: me ke damunsa, kuma ta ina ake fara gyara

Mutane da yawa in sun ɗauko kare daga gidan da ake tara karnukan da aka ceto, ko suka tsince shi yashe a bakin titi duk haƙarƙari a waje, abun da suke zato shine da ya samu abinci da inuwa da mai sonsa shikenan zai saki jiki. Sai a zo gida kare ya shige ƙarƙashin gado ko bayan kujera ya maƙale, a kira shi ya ƙi fitowa, a ajiye abinci ya ƙi ci sai dare ya tsala kowa ya kwanta, in ka miƙa hannu jikinsa ya hau ɓari, wani ma fitsari yake saki a inda yake. Daga nan sai ran mai shi ya fara ɓaci, wai na yi masa komai amma ko kallona baya yi. To wannan kare fa ba butulci yake maka ba, tsoro ne ya cika masa ciki. Kuma abun da nake so in warware anan shine yawancin abubuwan da muke yi da sunan nuna ƙauna, shafa, runguma, zuwa a zauna dab da shi ana lallashi, su suke ƙara jan matsalar. Abun da ke gyara irin wannan kare shine a bashi tazara a bar masa zaɓi, ya zama shi da kansa yake yanke shawarar matsowa.

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce wane mugu ne ya dake shi haka. Akwai waɗanda aka daka kam, akwai waɗanda aka ɗaure shekara da shekaru a waje ɗaya, amma da yawa daga cikin karnukan da suka fi kowa tsoro babu wanda ya taɓa ɗaga musu sanda. Rashin sabo ne tun suna kwikwiyo. Akwai wani ɗan gajeren lokaci a rayuwar kare, daga kamar sati 3 da haihuwa zuwa sati 12 ko 14, da ƙwaƙwalwarsa ke karɓar duk abun da ya gani a matsayin abun duniya na yau da kullum, mutane, yara, ƙarar mota, tayil mai santsi, a taɓa masa kunne da ƙafa. In wannan lokaci ya wuce yana kulle a keji ko yana ɓoye a wani kango, ƙofar tana rufewa sosai. John Paul Scott da John Fuller sun ɗauki shekaru suna nazarin wannan a cibiyar Jackson da ke Bar Harbor a jihar Maine ta Amurka, suka fitar da sakamakon a 1965, kuma a wani gwaji da aka wallafa a 1961 daga wannan cibiyar, kwikwiyoyin da aka bari a fili ba su yi hulɗa da mutum ba sai da suka kai sati 14 sun tashi suna gudun mutane kamar namun daji. Sannan akwai gado, uwa matsoraciya tana yawan haifar 'ya'ya masu ɗari-ɗari. Kuma tsoro a karnuka ba baƙon abu bane ko a gidajen da ake kula da su, don binciken da aka yi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan aka fitar a 2020, kan karnuka sama da 13,000, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku suna firgita da ƙara irin ta tsawa da wasan wuta.

Me yasa nake jan wannan? Saboda in ka sa a ranka cewa zaluntarsa aka yi, sai ka ga ai maganin zalunci tausayi ne, ka yi ta danna masa soyayya. Alhali karen da bai taɓa zama a ɗaki ba, fanka ma abun tsoro ce a wajensa, talabijin, ƙarar firiji, madubi, matakala, kai kanka da kake tsaye a kansa kana murmushi haƙora a waje. Shi kuwa wanda ya taɓa shan wuya, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, wanda aka doka da tsintsiya zai iya tsoron duk wani dogon abu a hannun mutum har lema.

A jikinsa kuma ga abun da ke faruwa. Wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala shi ke buga ƙararrawa in ya hango haɗari, sai sinadarin adirenalin ya zubo a jini, zuciya ta hau bugu, numfashi ya ƙaru, ciki ya tsayar da narka abinci, daga baya wani sinadarin tashin hankali mai suna kotisol ya biyo baya kuma shi baya sauka nan take. Kare a wannan hali baya koyon komai, ko ka shekara kana cewa zauna. Wannan ne ma dalilin da yasa abinci ya zama ma'auni mai kyau sosai: in ka jefa masa ɗan nama da ka san yana so ya ƙi kallonsa, to tsoron ya wuce gona da iri, ka ja baya. Haka kuma firgici yana taruwa, baƙo ya zo da safe, babur ya wuce da ƙara da rana, yaro ya taka masa wutsiya da yamma, kowanne shi kaɗai da ya jure, amma da suka haɗu a rana ɗaya sai ya kai cizo, a ce wai haka kawai ba dalili.

Babu wani haka kawai, kare yana magana tun kafin ya kai ga haƙori, mu ne bama ji. Zai fara da lasar hanci, hamma ba don barci ba, kau da kai gefe, haki alhali ba zafi ake ba, kunnuwa su kwanta baya, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, ka ga farin idonsa ya bayyana saboda ya juya kai amma idon na kanka. In ba a kula ba sai ya sandare, sai gurnani, sai ya kai cafka a iska, sannan cizo. Kaɗa wutsiya ma kar ya ruɗe ka, wutsiyar da ke ƙasa tana kaɗawa da sauri jiki a ƙage ba murna bace. Haka in ya kwanta ya buɗe ciki yana kau da kai bakinsa a rufe gam, roƙo yake a ƙyale shi, mutane kuma sai su ɗauka shafar ciki yake so. Shi kuwa gurnani, don Allah kar a hukunta kare a kansa. Gurnani gargaɗi ne, in ka dake shi ya daina, tsoron yana nan daram, gargaɗin kawai ka cire, gobe zai ciji ba sanarwa.

Akwai wani nau'in da ya fi bani tausayi, shine karen da ya yi tsit. Baya haushi baya gurnani, a ɗaga shi a ajiye, a yi masa wanka, yara su hau kansa, ko motsi baya yi, sai a ce kai wannan kare akwai haƙuri. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier sun yi wani gwaji a Jami'ar Pennsylvania, gwaji mai ciwo da yau ba za a yarda da shi cikin sauƙi ba, suka riƙa jona wa karnuka lantarki ta yadda babu hanyar tsira, daga baya da aka sa su inda tsallake ɗan ƙaramin shinge kawai zai cece su, yawancinsu kwanciya suka yi suna kuka ba su ko gwada ba. Sun fidda rai cewa wani abu da za su yi zai yi amfani. Karen da ya yi tsit sau da yawa a wannan hali yake. Shi yasa ranar da irin wannan kare ya fara tashi ya bar wajen in ka matso, ko ma ya yi ɗan gurnani, ni a wajena ci gaba ne, ya fara yarda cewa motsinsa yana canza wani abu.

To kwanakin farko. Likitan dabbobi dole ne da wuri, musamman karen da aka tsinta ba a san tarihinsa ba, a yi allurar rigakafin haukan kare, a duba kaska da ƙuma da tsutsar ciki. Maganar haukan kare ba wasa bace, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara kuma kusan duka ta cizon kare ne, in kare wanda ba a san rigakafinsa ba ya ciji ko ya karce ka, a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a wuce asibiti a ranar. Bayan wannan, ka ware masa ɗaki ɗaya ko lungu ɗaya mai shiru, da shimfiɗa da ruwa da wajen ɓuya, in keji ne ƙofar a buɗe, kuma doka ce a gidan babu mai zura hannu ya jawo shi daga can. Ba a gayyato 'yan uwa su zo ganinsa. Abinci a lokaci ɗaya kullum, fita bayan gida a lokaci ɗaya, don kare mai tsoro yana samun natsuwa in ya san abun da zai biyo baya. In za ka zauna a ɗakin, zauna a ƙasa nesa da shi ka bashi gefenka, ka danna wayarka, kar ka tsare shi da ido don a wajen kare zuba ido kai tsaye barazana ce. In za ka tashi ka jefa ɗan nama ka tafi. Shikenan aikin ranar. Nasan yana da wuya mutum ya ga dabba a takure ya hana kansa taɓa ta, amma wannan hanuwar ita ce taimakon.

Sai batun gudu, wanda ake raina shi sosai. Karnukan da aka ceto sun fi ɓacewa a kwanakin farko, ƙofa a buɗe na daƙiƙa biyu ya isa. Kare mai tsoro yana iya ja da baya ya zare kansa daga abun wuya, don haka a haɗa masa da ɗamarar ƙirji wadda ta zauna daidai, igiya biyu in za a fita, a sa masa alama mai lambar waya, in da hali likita ya sa masa ɗan cif na shaida a ƙarƙashin fata. In kuwa ya kuɓuce, kar a bi shi da gudu ana ihun sunansa, ƙara nisa zai yi, kare a firgice ko mai shi baya ganewa. A ajiye abinci da shimfiɗarsa a inda aka gan shi na ƙarshe, in an hango shi a durƙusa a juya masa gefe.

Za ku ji ana yawo da wata ƙa'ida wai kwana 3, sati 3, wata 3: kwana 3 yana ruɗe, sati 3 ya fara sabo, wata 3 ya zama ɗan gida. Tana da amfani wajen koya wa mutane haƙuri, amma hasashe ne na masu aikin ceto, kuma ga kare mai tsoro na gaske tana iya zama sharri, don in wata 3 ya cika yana nan a bayan kujera sai mai shi ya ɗauka ya gaza. Wani sai ya shekara.

Yanzu ainihin aikin. Dabarar tsohuwa ce kuma a kan mutum ma an nuna ta. A 1924 Mary Cover Jones ta yi aiki da wani ɗan yaro mai tsoron zomo, ta riƙa kawo zomon a keji can nesa yayin da yaron ke cin abun da yake so, kullum a ɗan matso da shi kaɗan, har ta kai yaron yana taɓa zomon. Abu biyu ne a haɗe: a nuna abun tsoron a ƙaramin mataki da ba zai tada hankali ba, sannan a haɗa ganinsa da abu mai daɗi. A ce karenka baƙi yake tsoro. Ka nemo tazarar da zai hango mutum ya lura da shi amma har yanzu yana iya ci, wani mita 10 ne wani mita 50. Mutum ya bayyana, kare ya gan shi, sai nama ya fara zuba, mutum ya ɓace, nama ya tsaya. Jerin yana da muhimmanci sosai kuma anan ake yawan ɓata abun, sai ya ga baƙon tukuna sannan abinci ya zo, in ka fara fito da nama sannan baƙo ya bayyana, ana haka ana haka sai ya koyi cewa nama alamar masifa ce ya daina karɓa. Minti biyar ya isa, a tashi tun yana cikin walwala. Ranar da ka ga ya hango baƙo ya juyo yana kallon hannunka jikinsa a sake, to tunaninsa ya fara juyawa, sai a rage tazarar da taku ɗaya ko biyu. In an rage ya ƙi ci, an yi gaggawa, a koma baya, babu asara a komawa baya.

Wani kuskure da kusan kowa ke yi da kyakkyawar niyya shine a ba baƙo nama a ce ya miƙa masa da hannu. Kwaɗayi zai jawo kare ya matso fiye da ƙarfin zuciyarsa, ya cafke naman, ya ɗaga kai ya ga kansa a gaban abun da yake tsoro, a daidai nan baƙon kuma ya kai hannu zai shafa kansa, to anan ake cizo. Gara baƙon ya jefa naman bayan karen, ya wuce shi, ta yadda zai samu abincin kuma ya samu tazara a lokaci ɗaya, in ya ga dama ya dawo da ƙafarsa. Haka taɓawa, in ya matso yana shinshinarka wannan bincike yake, bai ce ka taɓa shi ba. Ranar da ya jingina da kai, shafa ƙirji ko kafaɗa na daƙiƙa uku ka ɗauke hannu, in ya ƙara matsowa ci gaba, in ya kau da kai ka bari. Kar a bi ta saman kansa.

Akwai masu cewa a daina wannan lalaɓe, a ja shi cikin cunkoson mutane ya saba dole. Wani lokaci kare zai yi shiru kam, amma irin shirun nan ne da na yi bayani a sama, kuma sau da yawa tsoron ninkuwa yake. Da masu cewa ka nuna masa kai ne shugaban garke, ka danne shi ƙasa ka riƙe wuyansa. Wannan tunani ya samo asali ne daga nazarin da Rudolf Schenkel ya yi kan kyarketai da aka tara a gidan zu na Basel a Suwizalan, wanda ya fito a 1947, kuma David Mech, masanin kyarketai da ya taimaka wajen yaɗa shi, da kansa ya rubuta a 1999 cewa garken kyarkeci a daji iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'ya. Ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka, AVSAB, ta fitar da matsaya a 2021 cewa a yi horo da lada, a bar duka da abun wuya mai lantarki ko mai ƙayoyi. Ga dabbar da tsoro ne ciwonta, ƙara mata abun tsoro ba zai taɓa zama magani ba.

Shi kuma lallashi da ake cewa yana ƙara tsoro, ba haka bane. In ana tsawa ya rugo wajenka ya lafe, ka bar shi, ka yi masa magana a hankali. Tsoro ba ɗabi'a bace da yake yi don a bashi lada. Sharaɗin kawai shine shi ya zo. Abubuwa biyu kuma da na ga suna taimakawa fiye da yadda ake zato: barinsa ya yi ta shinshine-shinshine, a watsa abinci a ciyawa ya nema da hanci, da kuma zama da wani kare mai natsuwa. Da yawa daga cikin masu gudun mutum suna sakewa da 'yan uwansu karnuka, su riƙa bin bayansu suna kwaikwayo.

In an yi makonni babu motsi, ko tsoron ya hana shi ci da barci da fita bayan gida, a koma wajen likita da maganganu biyu. Na farko ciwo, ciwon haƙori, kunne, ƙugu, baya, duk suna sa kare ya tsani taɓawa ko ya ƙara firgita da ƙara, kuma kare gwani ne wajen ɓoye ciwo. Na biyu magani. Akwai fluoxetine da clomipramine da ake sha kullum, sukan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, akwai irin su trazodone da gabapentin da ake bayarwa kafin wani abu mai tada hankali kamar zuwa asibiti. Ba don su bugar da shi bane, don tsoron ya sauka ne har ya iya koyo, horon na nan dole. Likita ne ke rubutawa, kar wanda ya ɗebi maganin mutane ya ba kare, kuma ba a tsayarwa farat ɗaya.

Wane sakamako za a sa rai? Ƙungiyar ASPCA ta Amurka mai yaƙi da zaluntar dabbobi ta buɗe cibiya ta musamman don karnuka masu tsananin tsoro a New Jersey a 2013, ta koma Weaverville a North Carolina a 2018, karnukan da aka kwato daga gidajen kiwo na zalunci da gidajen masu tara dabbobi barkatai, kuma sama da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka yi nazari a kansu sun kammala shirin har aka iya ba da su ga iyalai, a kusan wata uku a matsakaici. Wannan abun ƙarfafa gwiwa ne ƙwarai, amma ƙwararru ne ke aikin kullum, kuma kammalawa ba tana nufin kare ya zama mai son kowa ba. Wani har ƙarshen rayuwarsa mutum biyu ko uku zai yarda da su, in baƙi sun zo ya tafi ɗakinsa, kuma yana rayuwa mai daɗi a haka. Koma baya ma zai faru, tafiya, sauya gida, dare ɗaya na wasan wuta, sai ka ga kamar an rushe komai, amma yawanci dawowar ta fi ta farko sauri. Yana da kyau ka riƙa rubutawa ko ɗaukar ɗan bidiyo, don ci gaban ƙanana ne ido baya kamawa, yau ya ci abinci kana ɗakin, wani satin ya kwanta ta gefe ya miƙe ƙafafu.

Inda ba zan sassauta ba shine gidan da ke da ƙananan yara. Yaro yana gudu yana ihu yana runguma, fuskarsa daidai da bakin kare, ba a barin su su kaɗai ko na minti ɗaya, a sa shinge ko ƙofa tsakani. Karen da ya taɓa kai cafka a koya masa takunkumi mai kama da kwando wanda zai iya haki ya sha ruwa a ciki, a hankali da abinci, shi ke sa bakinsa da kansa kafin a taɓa ɗaurewa. In ya riga ya yi cizon da ya fasa fata, a nemi likitan da ya san halayyar dabbobi, kar a tsaya gwada shawarwarin intanet. In kuma an duba an ga gidan ya cika hayaniya babu yadda za a raba shi da yara, a tuntuɓi waɗanda suka bada shi a nema masa gida mai shiru, kuma a faɗa wa sabon mai shi komai dalla-dalla, me yake tsoro, a wace tazara, ya taɓa cizo ko bai taɓa ba.